Gayaunar Zamani: Yadda Lambun Al'umma Zai Buɗe wa Matasan Kurugu Ƙofa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Karaye a tsakiyar hunturu ya san abin da ido ke gani. Gonakin tudu sun bushe ƙayau, an kwashe dawa da masara, ba abin da ya rage sai tushiya da karmami, awaki na yawo a sake. Amma da zarar ka gangara fadama ko bakin ruwa, sai ka ga kamar wata ƙasa ka shiga: ko'ina kore shar, ga albasa, ga tumatir, ga rake ya miƙe, injin ban-ruwa na ta ƙugi tun asuba.

Mu da muka taso a wannan yanki mun san wani abu da baƙo ba zai lura da shi ba. Da yawa daga cikin samarin da ke sunkuye a lambunan nan, lambun ba nasu ba ne. Ƙwadago suke yi, a sallame su da la'asar. Wasu kuma da an gama girbi sai su ɗaure jaka su tafi cin rani Kano ko Abuja ko Legas, daga cikinsu har da 'yan ajinmu da suka tafi hutun zango, ba su sake dawowa aji ba. Ga ruwa, ga ƙarfi, ga kasuwa. Abin da ya gagari matashi shi ne ɗan filin da zai nuna ya ce wannan nawa ne.

Shi ya sa a wannan mako muka ɗauko maganar lambun al'umma, wato fili guda da gari zai kewaye, ya yanka shi ƙanana ƙanana, ya buɗe ƙofarsa ga duk mai son noma, ko ya gaji gona ko bai gada ba. Mun ɗauki Kurugu, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Karaye, a matsayin misali, amma maganar ta shafi ɗaliban Rogo da Kiru da Gwarzo da duk inda ake da fadama.

Kakanninmu sun riga mu

Kada wani ya ɗauka wannan dabarar Turawa ce. A tsarin gandu na Bahaushe, maigida da ƙannensa da 'ya'yansa kan yi aiki tare a babbar gona, abin da aka girbe ya shiga rumbun gida. Amma maigida kan yanka wa kowane saurayi, wani lokaci har da matan gida, wani ɗan yanki da ake kira gayauna. A ƙasar Maraɗi sunanta gamana. Bayan an tashi daga aikin gandu, ko a ranakun da aka ware, saurayi sai ya nufi gayaunarsa. Abin da ta bayar nasa ne. Da shi zai ɗinka rigar Sallah, ya sayi tunkiya, ya fara tara kuɗin aure.

Gayauna makaranta ce. A cikinta yaro ke koyon cewa idan ya makara da noman firi ciyawa za ta cinye shuka, kuma ba wanda zai ɗora wa laifi. A cikinta yake koyon ajiya da lissafi da ciniki.

To me ya rage ta? Babban dalili shi ne ƙarancin ƙasa. Mu yi lissafi irin na aji. A ce kakanka ya bar gona hekta 4, magada huɗu suka raba daidai, kowa ya tashi da hekta 1. Idan kowannensu ya bar magada huɗu, jika zai samu kwata ɗin hekta ke nan. Mutumin da ke ciyar da iyali da kwata ɗin hekta, ina zai samu abin da zai yanka wa ɗansa? Fadama kuwa ta fi tsada, kuma hayarta mai kuɗi ne ke iya biya.

Ruwa yana nan

Abin da ya bambanta yankinmu da wurare da yawa shi ne ruwa. A Ƙaramar Hukumar Karaye aka gina Dam ɗin Challawa tsakanin 1990 da 1992, a kan Kogin Challawa, kimanin kilomita 90 kudu maso yamma da birnin Kano. Tsawon bangonsa ya kusa kilomita 8, kuma idan ya cika yana ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi. Akwai kuma Dam ɗin Kusalla, shi ma a ƙasar Karaye.

Dam ɗin bai zo kyauta ba. Ruwa ya shanye gonaki da matsugunai, mutane suka tashi suka koma wasu wurare, kuma dattawa ba su manta ba. Saboda haka idan matasan yankin suka nemi a ba su hanyar cin moriyar ruwan, ba roƙon alfarma suke yi ba.

Abin da ruwa ke iya yi kuwa mun gan shi a kusa. Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, shi ke shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam ta hanyar magudanai. Yau shinkafa da tumatirin wannan yanki sun san hanyar kasuwannin Kudu. Inda magudanai ba su kai ba, manoma na dogaro da gajerun rijiyoyin bututu da ƙananan injuna, waɗanda suka yaɗu sosai tun da shirin Fadama na Bankin Duniya ya fara a farkon shekarun 1990. Kafin nan jigo ne, a ɗebo ruwa da guga a juye a kwalbatin ƙasa, aikin da ke cin ƙugu da kafaɗa.

Yadda wasu suka yi

A Ingila akwai doka tun 1908 da ta ɗora wa hukumomin gari alhakin samar da irin waɗannan ƙananan lambuna idan jama'a suka nema. Mazauna gari shida kacal, masu rajistar zaɓe ko masu biyan haraji, sun isa su rubuta takarda, kuma wajibi ne hukuma ta duba buƙatarsu. Girman lambu ɗaya na al'ada murabba'in mita 250 ne, ana biyan ɗan kuɗin haya duk shekara. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da abinci ya yi ƙaranci, irin lambunan nan sun taimaka wajen ciyar da ƙasar. Yau a wasu unguwannin Landan mutum kan yi shekaru a layin jira kafin ya samu. Kuma duk watan Agusta akwai mako guda na musamman da lambuna da yawa ke buɗe ƙofa, jama'a su shiga su gani, su yi tambaya, su sayi tsirrai.

Labarin Jamus kuwa zai ba ku dariya. A birnin Leipzig, a 1864, wani shugaban makaranta ya kafa ƙungiya don samar wa yara filin wasa. Bayan 'yan shekaru aka yanka wa yaran ƙananan lambuna a gefen filin domin su koyi shuka. Ba a daɗe ba yara suka gaji, ciyawa ta rufe wurin, sai iyaye suka karɓe aikin. Daga nan al'adar ta bazu, har yau Jamus na da irin waɗannan lambuna kusan miliyan ɗaya. Darasi a gare mu, 'yan uwa ɗalibai: idan aka ba mu fili muka yi sake, manya za su karɓe, kuma ba mu da bakin magana.

Misalin da ya fi kama da namu yana Nijar. Bayan farin 1984, gwamnatin Janar Seyni Kountché ta tashi tsaye wajen yaɗa noman rani. Aka riƙa kewaye filaye a bakin tafkuna da rijiyoyi, ana raba wa mutanen gari, maza da mata. A Jiratawa, kusa da Maraɗi, manoma na noma ƙananan filaye a ƙarƙashin ƙungiyoyin haɗin gwiwa, suna raba ruwa bisa tsari, kuma zogalensu ya yi suna har ƙetaren iyaka. Albasar Galmi, a jihar Tawa, ta zama abin alfahari a duk Afirka ta Yamma. Ƙasar nan ta fi tamu ƙarancin ruwan sama nesa ba kusa ba.

Hekta ɗaya, mutum nawa?

Mu koma allo. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, wato ta ɗara filin ƙwallo na manya, wanda ke kusan 7,000. Idan aka yi yanka irin na Ingila, mita 250 kowane, za a samu 40. Amma ɗalibin da ke zuwa makaranta da safe, ya tafi Islamiyya da yamma, ba zai iya da wannan ba. Abin da ya dace da shi mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, wato murabba'in mita 100. A cire kashi ɗaya cikin biyar na filin domin hanyoyi da magudanai da ramin taki da rumfa, saura 8,000. Ke nan hekta ɗaya tak za ta ɗauki matasa 80.

Me mita 100 za ta iya bayarwa? Fiye da yadda kuke zato, idan aka tsara ta. Alayyahu na isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu. Latas na yin wata ɗaya da rabi zuwa biyu. Karas na buƙatar kamar wata uku. Tumatir sai an yi renonsa a bedi mako uku zuwa huɗu, a dasa, sannan a jira wata biyu zuwa uku kafin a fara tsinka. Albasa ta fi kowa jan rai, don renonta kaɗai na cin mako shida zuwa takwas. Mai dabara kan haɗa mai saurin fitowa da mai daɗewa: kuɗin alayyahu su sayi man inji da taki, albasa kuma ta zama asusu, tunda tana ajiyuwa har farashi ya tashi. A jera zogale a gefen iyaka, ya zama shinge, ya zama miya.

Ba kuɗi kaɗai ba ne ribar. Karas da ganyaye irin su zogale da alayyahu na ɗauke da sinadaran da jiki ke juyawa zuwa bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi. Gidan da ke da lambu, ƙannenka ne za su fara shaidawa.

Shinge domin awaki, ƙofa domin mutane

Lambu ba ya yiwuwa sai da shinge, wannan kowa ya sani, domin akuya ɗaya ta isa ta share aikin wata biyu a dare guda. Matsalar ita ce wa ke riƙe da makullin ƙofa. Mun sha ganin abin da aka kawo da sunan jama'a ya ƙare a hannun mutum biyar, 'yan uwan wane da yaran wane. Idan ana so lambun al'umma ya amsa sunansa, ga sharuɗɗan da muke ganin ba makawa:

1. A raba filaye da ƙuri'a a bainar jama'a, gaban dagaci da limami da shugaban makaranta, bayan an yi shela a masallaci da kasuwa.

2. Fili aro ne na shekara, ana sabuntawa. Ba a sayarwa, ba a jinginarwa, ba a gadonsa. Wanda ya bar nasa ya yi ciyawa ba tare da uzuri ba, a ba na gaba a layi.

3. A ware kaso na 'yan mata da na marayu tun kafin a jefa ƙuri'a. 'Yan mata su samu ɓangarensu da lokacinsu, da wata uwa ko malama mai kula, domin hankalin iyaye ya kwanta.

4. A rubuta jadawalin ban-ruwa a manna a rumfa. Rigimar lambu kusan kullum daga ruwa take farawa, musamman tsakanin na kusa da inji da na ƙarshen magudana.

5. Kuɗin mai da gyaran inji a rubuta su a littafi, a karanta wa kowa duk ƙarshen wata.

6. Kada shinge ya toshe burtali ko mashaya. A zauna da arɗo tun kafin a kafa dirka ta farko. Makiyayi na buƙatar ragowar ganye, lambu na buƙatar taki, kowa na da abin da zai ba ɗan uwansa.

Sai kuma ranar buɗe ƙofa. Sau ɗaya a kowane rani, idan lambu ya yi kyau, a gayyaci gari duka: iyaye, 'yan firamare, malaman gona, 'yan kasuwa, kansila. Kowane mai fili ya tsaya a kan nasa ya yi bayanin abin da ya shuka, abin da ya kashe, abin da ya samu, har da abin da ya lalace. Gani ya kori ji. Uban da ke ganin lambu ɓata lokacin karatu ne, idan ya ga littafin lissafin 'yarsa zai sake tunani. Kuma wurin da jama'a ke shiga su duba, da wuya wani ya mayar da shi nasa shi kaɗai.

Kada mu yaudari kanmu

Noman rani yana da ƙaya. A 2016 wata tsutsa mai suna Tuta absoluta, wadda manomanmu suka laƙaba wa Sharon, ta yi wa tumatir kaca-kaca a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Wanda ya zuba komai nasa a tumatir ya tashi a tutar babu. Shi ya sa ba a shuka abu ɗaya. Akwai kuma shekarar da kaya ke yin yawa, kwando ya faɗi warwas a Kwanar Gafan ko 'Yankaba, har kuɗin mota ya fi kuɗin kaya. A nan sai a koma ga dabarar iyayenmu mata, a yanka a shanya a yi kauɗa, amma a kan tabarma ko leda mai tsabta, ba a gefen kwalta ba.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ban-ruwa da inji ya ƙara tsada. Wasu manoma sun juya injunansu zuwa gas, wasu sun koma sola. Sola tana da tsadar saye, mutum ɗaya ba zai iya ba, amma mutum 80 za su iya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Lafiya kuma ita ce gaba da komai. Ruwan dam da na kududdufi na iya ɗauke da ƙwayar tsargiya, wadda ke shiga ta fata idan an yi wanka ko an daɗe a tsaye a ciki. Duk wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je asibiti, akwai magani, kuma ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke faɗa. Kada a shiga dam iyo. Maganin feshi kuwa ba na yara ba ne: babba ne zai fesa, da takunkumi da safar hannu, a kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin a tsinki kaya, kuma kada a sake zuba ruwan sha ko mai a cikin kwalbar. Ga ƙananan ƙwari, jiƙon 'ya'yan darbejiya da aka daka yana taimakawa.

Abu na ƙarshe, lambu kada ya cinye littafi. Mita 100 aikin awa ɗaya ce da safe ko da yamma, sai Asabar da Lahadi. Wanda ya fara tsallake aji saboda kasuwa ya ɓata tsarin, ya kuma ba masu suka abin faɗa.

Daga ina za mu fara?

Da yawanmu mun tsani gonar makaranta, kuma da dalili. A makarantar da muka yi, gona wurin horo ce. Ka makara, a miƙa maka fartanya. Ka yi surutu, a nuna maka kunya goma. Da kaka ta yi kuma, ba mu san inda amfanin ya shiga ba. Wanda aka koya wa noma a matsayin bulala, ta yaya zai so shi? Gayauna ta bambanta da wannan da abu ɗaya: abin da ka shuka naka ne.

Saboda haka mataki na farko yana cikin makaranta. Ku haɗu ku goma ko ashirin, ku farfaɗo da Ƙungiyar Matasa Manoma idan ta mutu, ku samu malamin aikin gona ya zama uban ƙungiya. Ku nemi shugaban makaranta ya ba ku wani lungu kusa da rijiya ko famfo, a yanka wa kowa ko da mita biyu sau biyar ne. Inda ba fili, buhun siminti ko na taki da aka wanke, aka cika da ƙasa da taki, yana ɗaukar barkono ko tumatir ko yakuwa, kuma ana iya yin sa a tsakar gida. Ku riƙe littafi: ranar shuka, ranar tsiro, kuɗin da aka kashe, abin da aka girbe. Wannan littafi zai taimake ku a jarrabawar aikin gona ta WAEC da NECO, kuma shi ne shaidarku idan kun je neman babban fili.

Mataki na biyu shi ne takarda. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da izinin amfani da filayen karkara domin noma. Amma kun san ba a tsallake na gida: a fara da mai unguwa, a je ga dagaci, a kai ga hakimi, a sanar da kansilan mazaɓa da sashen aikin gona na ƙaramar hukuma. Idan filin yana bakin dam ne, to sai da amincewar hukumar da ke kula da dam ɗin. Malaman gona na KNARDA kuma aikinsu ne su ba da shawara a kan iri da taki da ƙwari. Ku rubuta takardar da hannunku, cikin ladabi, ku faɗi ku nawa ne, fili nawa kuke nema, ina ruwa yake, da sharuɗɗan da kuka amince da su. Ku tafi da malaminku da wani dattijo da gari ke ganin girmansa. Ku ɗauki kwandon latas ɗin da kuka noma ku kai gaisuwa.

Mai yiwuwa a ce ku dawo gobe, goben ta zama wata uku. Ku koma. Bedin albasa ana zuba shi ne da ƙarshen damina zuwa farkon hunturu, don haka wanda ke son girbi a bazara yanzu ne zai fara shiri.

Muna jiran wasiƙunku. Ɗaliban Kurugu da Karaye da Rogo da sauran wurare, ku rubuto mana: akwai gona a makarantarku? Wa ke cin amfaninta? Akwai filin da ke zaune haka nan kusa da ruwa a garinku? Makarantar da ta fara yanka wa ɗalibanta gayauna ta aiko mana da hoto da lissafinta, za mu buga a wannan shafi da yardar Allah. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.